Wai a birni mai wayo dole sai mutum ya koma aji da furfurarsa?

Wani ɗan'uwa ne ya turo da tambayar nan. Yace shekarunsa 46, aikinsa karɓar kuɗi da yanka rasit a ofishin hukumar birni, yanzu kuma ana ta maganar za a maida komai kan waya, haraji, lasisi, kuɗin mota, har kuɗin kwasar shara. Yace ya ji ana cewa a irin waɗannan birane masu wayo, wato simat siti, karatu baya ƙarewa, mutum yayi ta koyo kenan har ya mutu. Shine yake so ya sani, gaskiya ne ko daɗin bakin 'yan siyasa ne da masu sayar da kwamfuta? In kuma gaskiya ne, kwas ɗin intanet da ake ta tallatawa ya wadatar dashi?

Toh Malam, amsar a taƙaice dai: gaskiya ne, amma kwas ɗin intanet shi kaɗai bazai isheka ba, kuma ba laifinka bane. Na daɗe ina aiki a ɓangaren ilimin manya, kuma abinda na gani shine darasi yanzu ya zama abu mafi arha a cikin lissafin gaba ɗaya. Abinda yake da tsada shine lokacin da zaka zauna ka koya, da wurin da zaka zauna ɗin, da mutumin da zaka tambaya in ka kafe, da kuma wanda zai yarda da abinda ka koya ya baka aiki dashi. Birnin da ya tanadi waɗannan shine mai wayo a wajena, ko kyamarorinsa basu kai na wani yawa ba.

Da farko dai maganar koyo har ƙarshen rayuwa ta girmi simat siti nesa ba kusa ba. Mu da kanmu muna cewa gemu baya hana ilimi tun kafin a san kwamfuta. A hukumance kuma UNESCO ta fitar da rahoto tun 1972 ƙarƙashin Edgar Faure, sannan wani a 1996 ƙarƙashin Jacques Delors, dukkansu suna cewa makarantar yarinta bata isa ta ɗauki mutum har tsufansa ba. Wani gari a Japan mai suna Kakegawa ya ayyana kansa birnin koyo tun 1979, Gwangmyeong a Koriya ta Kudu ta yi haka a 1999, sannan a 2013 aka yi babban taro a Beijin wanda daga nan aka kafa haɗakar biranen koyo ta duniya. Kaga kenan ba masu sayar da na'ura bane suka ƙirƙiro zancen. Abinda fasaha tayi shine ta maida abin dole. A da in baka ƙara koyon komai ba bayan ka fara aiki, ƙarin girma kawai zaka rasa. A birnin da ya maida tikitin mota da ganin likita da biyan kuɗin ruwa kan manhaja kuwa, wanda bai koya ba ƙofar kanta ce zata rufe masa, sai ya nemi ɗansa ko maƙwabci ya danna masa.

Shi birni mai wayo in ka cire kwalliyar talla, ba wani abu bane illa birnin da ya baza na'urori masu jin motsi da kyamarori da mitoci, suna tara bayanai, ana amfani da bayanan wajen sarrafa danja, ruwa, wuta, shara da sauransu. Songdo a Koriya ta Kudu shine misalin da kowa ke kawowa, an cike bakin teku kusa da Incheon aka gina shi daga tushe, shara ma bututu ne ke zuƙeta daga gidaje ta ƙarƙashin ƙasa babu motar shara. Indiya ta ƙaddamar da shirin birane 100 a 2015. Duk wannan injiniyoyi sun iya. Inda ake yin tuya a manta da albasa shine mutanen da zasu zauna a ciki, da ma'aikata irinka da aikinsu zai canza kamanni a cikin shekara biyu uku.

Bari in tsaya akan Singafo sosai domin su ne na ga sun haɗa abin biyu, fasahar da koyar da mutane, da gangan. A Nuwamban 2014 Firaminista Lee Hsien Loong ya ƙaddamar da shirin maida ƙasar gaba ɗaya mai wayo, bayan 'yan watanni kuma a 2015 suka fito da SkillsFuture. Tsarin shine duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 25 an buɗe masa asusu da dalar Singafo 500, ba kuɗin da zaka cira ka kashe bane, sai dai ka biya kuɗin kwas a cikin waɗanda aka amince dasu. Da aka yi tafiya sai suka fahimci cewa 500 bata canza wa magidanci sana'a, tana dai koya masa ɗan wani abu na ƙarshen mako, shine a 2024 suka ƙara 4,000 ga duk wanda ya kai shekara 40, wato sa'anninka kenan, sannan daga 2025 suka fara biyan alawus na wata wata ga wanda ya ajiye aiki ya shiga horo na cikakken lokaci, rabin abinda yake samu a da, iyakarsa 3,000 a wata, har tsawon wata 24. Ka lura da wannan na ƙarshen da kyau. Sai da suka shafe kusan shekara goma kafin su kai ga abinda duk mai iyali ya sani tun ranar farko, cewa matsalar ba kuɗin kwas bace, matsalar waye zai ciyar da gida in na tafi karatu.

Wani abin da suka yi wanda ya fi burgeni ma, a 2020 lokacin korona suka ɗauki mutum 1,000 aiki, aikinsu kawai su zauna da tsofaffi da masu ƙananan rumfuna ɗaya bayan ɗaya su nuna musu yadda ake kiran bidiyo, yadda ake biya da waya, yadda ake gane ɗan damfara. Ƙasar da ta fi kusan kowa intanet mai sauri, amma da aka zo kan koya wa dattijo sai da aka aika masa mutum mai jini a jika ya zauna kusa dashi. Ba manhaja suka ƙara ba.

Istoniya ma haka. Mutane suna yawan yabonsu cewa sun fara zaɓe ta intanet tun 2005, kusan duk hulɗa da gwamnati a kwamfuta ake yi, amma ba'a cika faɗin abinda ya gabata ba. Tun 1996 suka sanar da shirin haɗa makarantu da intanet, sannan tsakanin 2002 da 2004 wata gidauniya da bankuna da kamfanonin sadarwa suka kafa ta koya wa manya kimanin dubu 100 amfani da kwamfuta kyauta, a ƙasar da duka duka mutanenta basu kai miliyan ɗaya da rabi ba. Bankunan ba sadaka suke ba fa, sun san in mutane basu iya ba babu mai shiga bankin intanet ɗinsu.

Yanzu ga maganar kwas ɗin intanet da ka tambaya. A 2012 da dandalan kwas na intanet Coursera da edX suka fito an yi ta murna cewa jami'a ta zo tafin hannun kowa. Kuma ta zo ɗin, ni kaina na amfana. Amma wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Justin Reich da abokin aikinsa, sun duba bayanan kwasakwasan MIT da Harvard da ke kan edX suka buga sakamakon a mujallar Science a 2019, sai aka ga a zangon 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala, kuma mafi yawan masu shiga ɗin daga ƙasashe masu arziki suke. Wannan shine ciwon da ke damun ilimin manya a ko'ina: wanda yake da digiri shine ke ƙara kwas, wanda ya bar makaranta da wuri kuma shine baya zuwa, sai tallafin ya zama an ƙara wa Barno dawaki. Dalili a fili yake, mai digiri ya riga ya koyi yadda ake koyo, ya san yadda zai tsara lokacinsa, baya jin kunyar tambaya, ga harshen da ake darasin dashi yana ji. Shi kuwa wanda rabonsa da aji shekara ashirin da biyar, in ya kafe a darasi na uku da daddare shi kaɗai ga gajiya ga yara na kuka, rufe wayar zai yi ya ce ni kaina ya riga ya toshe. Alhali kansa lafiya lau, wanda zai tambaya ne babu.

Raba na'ura ma haka abin yake. Peru ta sayi ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci ta raba wa 'yan firamare, da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna a 2012 bai ga wani ci gaba ba a lissafi ko karatun harshe. Na taɓa kai ziyarar aiki wata cibiyar koyon kwamfuta da wata hukuma ta gina, bazan faɗi suna ba, gini mai kyau wallahi, kujeru sababbi har da ledarsu, amma ƙarfe huɗu ake kulle ta domin lokacin ma'aikatan ke tashi, kuma Asabar da Lahadi a rufe. Nace to su waye zasu zo? Mai aiki yana wajen aiki a lokacin da kuke buɗe, lokacin da ya tashi kun kulle. Aka yi shiru. A rahotonsu dai an rubuta an samar da cibiya, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Shi ya sa nake ganin laburare, wanda mutane suka ɗauka intanet ya kashe shi, shine ma ya fi dacewa da irin wannan birni. Helsinki, babban birnin Finlan, ta buɗe laburaren Oodi a Disamban 2018, daura da majalisar dokokin ƙasar, kuma littattafai ɓangare ɗaya ne kawai na abinda ke ciki. Akwai kekunan ɗinki, na'urar 3D mai ƙera abu da cikakkiyar siffarsa, ɗakunan naɗar sauti, ɗakunan taro da kowa zai iya kamawa, yana buɗe har dare da ƙarshen mako, kuma babu mai tambayarka me ka zo yi. Medelin a Kolombiya, birnin da a da aka sani da kashe kashe, ta bi wata hanyar, a 2004 aka buɗe motar igiya mai hawa unguwannin talakawa da ke kan tsaunuka, kuma a zamanin magajin gari Sergio Fajardo, wanda malamin lissafi ne, aka gina manyan laburare masu fili a cikin waɗannan unguwannin maimakon tsakiyar gari. Kaga anan sufuri ya zama ɓangaren ilimi, domin ajin da sai ka yi awa biyu a hanya kafin ka kai, ba naka bane.

Lokaci kuma doka ke samar dashi, ba fasaha ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya tun 1974 akan hutun karatu mai albashi. A yawancin jihohin Jamus ma'aikaci na da haƙƙin kwana biyar a shekara ya tafi ƙaro ilimi albashinsa na tafiya. Kwana biyar ba yawa, kuma ma ba kowa ke karɓa ba, amma dai a rubuce yake.

Sai dai kada in sa ka ɗauka duk inda aka zuba kuɗi a asusun karatu shikenan. Ingila ta gwada a 2000, kafin ƙarshen 2001 aka rufe shirin saboda 'yan damfara sun buɗe makarantun bogi suna kwashe kuɗin. Faransa tana da nata asusun, yuro 500 a shekara har ya taru ya kai 5,000, ga masu ƙarancin takardu kuma 800 har 8,000, a 2019 suka sa shi a manhaja yadda zaka sayi kwas kamar kana sayen kaya, sai ga kiran waya da saƙonni ko ta ina ana ce wa mutane kuɗinku zai ƙone ku yi sauri, har sai da aka yi doka a ƙarshen 2022 ta hana irin wannan tallan. Sauƙin da fasaha ta kawo wa ɗalibi shi ta kawo wa ɓarawo. Saboda haka duk mai maka gaggawa akan kwas, ka ja baya tukunna.

Akwai kuma wani ɓangare da ba'a cika kawo shi ba in ana wannan zancen, kuma ni a ganina ya fi koyon danna manhaja muhimmanci. Birnin da ke tara bayananka yana yanke hukunci akanka dasu, to dole mazauna su san yadda zasu tambayi na'urar ba yadda zasu yi mata biyayya kawai ba. A Toronto ta Kanada, a 2017 aka ba Sidewalk Labs, ɗan'uwan Google, damar tsara wata unguwa a bakin ruwa, mutanen gari suka yi ta tambaya waye zai mallaki bayanan, wa zai gani, ina za'a ajiye, aka yi ta ja-in-ja har kamfanin ya janye a Mayun 2020, ko da yake shi rashin tabbas na tattalin arziki ya bayar a matsayin dalili. A Ingila a wannan shekarar da korona ta hana jarabawa, aka bar wani tsarin lissafi ya fitar wa ɗalibai maki, ya saukar da darajar kusan 40 a cikin kowane sakamako 100 da malamai suka bayar, yara suka fito zanga-zanga, cikin kwana huɗu gwamnati ta lashe amanta. Da ace babu masu fahimtar yadda lissafin ke aiki da zasu fito su yi bayani, da shikenan an wuce wajen, ace ai kwamfuta ce ta faɗa.

Wasu biranen sun gane haka. Amstadam da Helsinki a Satumban 2020 suka buɗe rajista a fili inda kowa zai duba irin tsarin lissafin da hukumar birni ke amfani dasu da bayanan da suke ci. Basalona tun 2016 take da dandalin Decidim inda mazauna ke kawo shawara da zaɓar ayyuka. Jami'ar Helsinki kuma da wani kamfani mai suna Reaktor suka fitar da kwas kyauta a 2018 akan ƙirƙirarriyar basira, ba don a zama injiniya ba, burinsu kashi ɗaya cikin ɗari na 'yan Finlan su fahimci menene abin, kuma sun wuce burin. Amma rajista a fili bata da amfani ga wanda bai iya karanta ta ba, kaga mun sake dawowa kan ilimin manya.

Toh kai yanzu me zaka yi? Kada ka fara da tambayar wane kwas ne ake yayi. Ka fara da duba aikinka, ka raba shi biyu a takarda: abinda na'ura zata ɗauke, kamar karɓar kuɗi da rubuta rasit, wannan kam ka sallama, zai tafi. Da abinda zai ƙaru in an koma waya, domin duk tsarin biyan kuɗi na intanet yana haifar da sabon aiki, wanda aka cire masa kuɗi sau biyu, wanda ya biya bai ga shaida ba, wanda sunansa bai dace da na katinsa ba, daidaita abinda banki ya nuna da abinda ofis ya rubuta, tsoho da ya zo da waya baya gane komai. Duk wannan mutum yake buƙata, kuma mutumin da ya san dokokin kuɗin da halin masu biya, wanda kai ka shekara da shekaru kana yi, yaron da ya fito daga jami'a jiya bai san su ba. Abinda ya rage maka shine ɓangaren na'urar, kuma shine mai sauƙin koyo a cikin biyun.

In ni ne kai da Excel, manhajar tebur da lissafi, zan fara, ba sama sama ba, har in iya tace bayanai da haɗa tebur biyu in gano inda suka saɓa. Sai tsaron bayanai na yau da kullum, kalmar sirri, saƙon yaudara, abinda ya halatta ka nuna wa wani daga bayanan mutane da wanda bai halatta ba. Sai ka nemi a saka ka cikin waɗanda zasu gwada sabon tsarin tun kafin a ƙaddamar, yawanci ma ana neman masu sa kai ana rasawa domin kowa na gudun ƙarin aiki, alhali waɗanda suka gwada ɗin su ake maidawa masu koya wa saura.

Kwas ɗin intanet ka yi shi mana, amma kada ka yi kai kaɗai. Ka samu mutum biyu ko uku a ofis ɗinku masu irin damuwarka, ku tsayar da rana ɗaya a mako da awa ɗaya da wuri ɗaya, ku riƙa kallo tare kuna gwadawa da ainihin takardun aikinku, ba misalan da ke cikin bidiyon ba, sai dai ku cire sunayen mutane. Minti talatin kullum ya fi awa biyar ranar hutu, wannan na gani a ɗalibai manya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kafin ka biya ko sisi akan satifiket kuma, ka je wajen mai kula da ma'aikata ka tambaye shi kai tsaye ko suna lissafa wannan takardar wajen ƙarin girma ko canjin sashe, in yace a'a ka tambayi wacce suke lissafawa. Sannan in akwai ƙungiyar ma'aikata a wajenku, ku sa maganar horo a cikin lokacin aiki a teburin tattaunawa tun yanzu da ba'a sa hannu a kwangilar sabon tsarin ba, domin a cikin kwangilar ake rubuta ma'aikata nawa kamfanin zai horar da kuma kwana nawa, in an riga an sa hannu sai dai ku karɓi abinda kuka tarar.